Ɗakin Kankanar Matyakub

Ranar da surukata Shohista, matar ɗana Sanjar, ta haihu a asibitin Urganc, ranar ce tukunyar gas ɗin da ke ɗumama gidanmu ta sake yin halinta. Ta yi gurnani, ta kunna jar fitila, ta mutu. Ba shi ne na fari ba. Tun da sanyi ya kama, da an ƙara mata wuta sai ruwan cikinta ya tafasa, alhali ɗakunan baya hannu ba ya fita daga aljihu.

Bibijon, uwar Shohista, ta biyo ta gidan daga asibiti. Ba ta ko cire mayafi ba ta shiga ɗakin mai jego, ta dafa ƙarfen ɗumin da ke ƙarƙashin taga.

"Oygul, wannan ɗaki ne ko rijiya?" in ji ta. "In jibi na same shi haka, can benena za su yi arba'in."

Na yi mata dariyar yaƙe. Jikata ta fari, a ce ta yi arba'in a gidan wasu, ni ina zuwa da sallama kamar baƙuwa? Wallahi na ji zafin maganar nan.

Na aika aka kira Usta Ergash, mai gyaran tukunya. Bawan Allah ya riga ya sha wahalarmu. Ya canza injin da ke tura ruwa, ya wanke ƙanzon gishirin da ruwan yankinmu na Horazm ke bari a ciki, ya fitar da iska daga ƙarafan. Kullum da rana tsaka yake zuwa, wuta a ƙasa, sai tukunya ta yi lamo kamar ta Allah. Yana tafiya, la'asar ta yi, mu ƙara wuta, ta tafasa.

"Inna, tukunyar nan lafiyarta ƙalau," ya ce yana sosa ƙeya. "Ruwa ne ba ya samun hanya. Kun tabbata duk famfunan ɗakuna a buɗe suke?"

"Duk ɗakin da mutum ke kwana a buɗe yake," in ji mijina Matyakub, yana kurɓar koren shayi hankali kwance.

Na dube shi. Mun tsufa tare, na san yadda yake jera magana in akwai abin da ya bari a waje. Sai na tashi na dafa bututun daga gindin tukunya, ina bin bango. A kicin yana ƙona hannu. Ya shige ɗakin ajiya, wanda mabuɗinsa ba ya barin wuyan Matyakub. Na zagaya inda ya fito ta ɗaya gefen, sai na ji shi da ɗan ɗumi kawai, kamar shayin da aka manta.

"Baban Sanjar, buɗe ɗakin nan."

"Me za ki yi da kankanata?"

"Gaisawa za mu yi. Buɗe."

Ya buɗe yana ƙunƙuni. Ga su nan reras a rataye, kowace cikin ragar ciyawa, irin tamu mai rawayan ɓawo da ke kaiwa ƙarshen sanyi muddin ɗumi bai taɓa ta ba. Usta ya durƙusa a lungu ya taɓa ɗan famfon da ke jikin bututun, ya ɗago yana dariya.

"Baba, ai kai ka shaƙe ta! Wannan saura ƙiris ya rufe gaba ɗaya."

Matyakub ko a jikinsa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rabon ruwan gonakin auduga, ba a koya masa ruwa.

"Yaro, in ka toshe kwalbati ɗaya, ruwa na gaba yake tafiya. Na hana kankana ne don ɗumin ya ƙaru a ɗakin mai jego."

"A gona ke nan, Baba. Nan bututu ɗaya ne ya zagaye gidan. Ka matse shi nan, ka matse kowa."

Sai tsohon ya ɗaga kai yana kallon kankanar, ni kuma tausayinsa ya kama ni, don na san abin da ya tara su dominsa. Tun kaka yake cewa ranar da za a sa jaririn a ɗan gadonsa na katako bayan arba'in, baƙi za su sha kankana ana ƙanƙara a waje, har a ba da labari.

"In an buɗe, kwana nawa za su yi?" ya tambaya.

"Ba za su kai ba," in ji Usta.

Bai bar kowa ya taɓa ba. Da hannunsa ya murɗa famfon har ƙarshe. Muka ji ruwa ya ruga cikin bango yana ƙulu-ƙulu. Da la'asar na ƙara wuta iya ƙarfinta, na zauna ina jiran jar fitila, ba ta zo ba.

Washegari duk unguwa ta sha kankana. Ni da Sanjar, uban jaririyar, muka yi ta rabo gida-gida, Matyakub yana bakin ƙofa yana gargaɗin mutane kada su zubar masa da iri.

Da Bibijon ta zo duba ɗaki, ta dafa ƙarfen, ta janye hannu da sauri. Sai ta cire mayafi. Amma da ta zagaya gidan sai ta tsaya a ɗakin ajiya, ta ce ai nan ya fi ko'ina ɗumi, tunda shi ne na fari a kan bututu. Nan muka share, muka shimfiɗa katifu, nan aka sauke Shohista da jaririya, ragogin ciyawa na lilo a sama babu komai a ciki.

Matyakub ya shigo, gumi a goshinsa, aka miƙa masa jaririyar. Ya auna ta a tafin hannu yadda yake auna kankana a gona.

"Uwar Sanjar," ya ce da ni, "bana guda ɗaya ta rage mini. Je ki ƙara wutar."