Ƙullin Masunta

'Yar guntuwar jar igiya ce a rufin garejin Musaddiq, a Gesse. Ran da aka ɗauke wuta aka ja ta, ƙofar garejin ta rabu da injin da ke ɗaga ta, sai dai a ɗaga da hannu. Wuta ta dawo, ƙofa ta ƙi komawa kan inji.

Tun daga nan yayansa Tamba ya zama injin. Ambaliya ce ta cinye masa shinkafa a Gulma, ya taho da 'yar jakarsa, aka ba shi tabarma kusa da tayar mota. Da Musaddiq ya danna hon, sai dattijon ya dafa gwiwa ya cicciɓi ƙofar har jijiyoyin wuyansa su tashi. Zancen "yaushe za ka koma gida" ya mutu murus. Wa zai kori mai ɗaga ƙofa?

Wata Asabar da hantsi, maƙwabcinsu Dayo, mai sayar da kayan wuta, ya leƙo gaisuwa. Ya ɗaga kai ya yi dariya.

"Alhaji, ai injinka lafiya lau. Igiyar aka ɗaure a jikin ƙarfe, ita ta hana shi kamawa. A kwance ta, a ja, za ka ji ƙas."

Musaddiq ya hau kujera ya duba. Ya daɗe yana kallo. Ƙullin taru ne, irin wanda mahaifinsu ya koya musu a bakin gulbi, wanda kifi ke ja yana ƙara tsukewa. Mutum biyu suka rage a duniya masu yin sa haka, shi kuwa bai taɓa igiyar ba.

Ya sauko yana kaɗe hannu.

"Yaya, hau ka kwance."

"Musaddiq, ƙafata ba ta…"

"Da ita ka hau ai."

Dayo ya sunkuyar da kai. Tamba ya hau, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙullin ya san mai shi, nan da nan ya warware. Ya ja igiyar. Ƙas.

"Madalla," in ji Musaddiq. "Fita waje ka duba min ko tana sauka daidai. Ɗauki jakarka, kada ƙura ta ɓata ta."

Tamba ya gane. Tsoro ya kama shi, don ba abin da ya rage a Gulma sai laka. Ya fita ya tsaya a rana, jaka a hammata.

Musaddiq ya danna rimot. Ƙofar ta taho a hankali, ba gargada. Ta rufe fuskar Musaddiq, ta rufe ƙirjinsa, ta rufe takalmansa masu sheƙi.

Daga ciki muryarsa ta fito, a natse.

"Yaya, ta zauna daidai?"

Tamba ya duƙa ya duba ƙasan ƙofar. Ko yatsa ba zai shiga ba.

"Ta zauna," ya ce.