Yadda Dattijo Ɗanladi Ya Gyaɗa Kai Ya Rasa Gona

A majami'armu da ke Dutse babu wanda ya taɓa kai ƙarshen maganarsa a gaban Dattijo Ɗanladi Iliya. Shekara talatin ya yi yana hedimasta, da ya yi ritaya sai ya mai da mu ɗalibansa. Ko ta'aziyya ya je, shi zai gaya wa masu makoki yadda suke ji.

Wata Lahadi Fasto Habila ya yi wa'azi cewa sauraron ɗan'uwa ibada ne kamar addu'a. Ya ce ran Laraba kowa zai zauna da mutum ɗaya, ya saurare shi minti goma sha biyar ba tare da ya katse shi ba. Dattijo ya miƙe ya goyi bayan shawarar, ya shafe minti arba'in yana bayanin amfanin shiru.

Ran Laraba aka haɗa shi da Mama Rifkatu, mai share majami'a. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar gona a hanyar Kiyawa. Tun lokacin Dattijo ya karɓi riƙon gonar, wai don kada dangi su cinye ta. Shi ke noma riɗi a ciki, in kaka ta yi ya aika mata da kwano biyu da gaisuwa.

Suka zauna a kan benci a gindin darbejiya. Mama Rifkatu ta fara magana a hankali, idonta a ƙasa. Dattijo ya damƙe bakinsa har gumi ya keto masa. Don ya samu sauƙi sai ya shiga tsara shaidar da zai bayar ran Lahadi: da wace aya zai buɗe, a ina zai dakata a tafa masa. In ya ji muryarta ta tsaya sai ya gyaɗa kai.

"Haka ne," in ji shi. Can kuma, "Gaskiyarki." Da ya ga tana share hawaye ya ce, "Babu komai, an gama."

Ran Lahadi ya ba da shaidarsa. Ya ce Ubangiji ya buɗe masa kunne, duk abin da baiwar Allah ta faɗa babu kalmar da ta wuce shi. Yana zama Mama Rifkatu ta miƙe.

"Jama'a, ku taya ni gode wa Baba. Na ce masa ɗana ya girma, ina son gonar ubansa. Na ce shekara shida sun isa, ya ce gaskiyata. Na tambaye shi ko bana, ya ce an gama."

Matan zumuntar majami'a suka ɗauki guɗa. Dattijo ya buɗe baki, sai ya ga Fasto yana kallonsa.

"Dattijo, haka aka yi?" Fasto ya tambaya.

In ya ce bai ji ba, shaidar da ya bayar yanzun nan ta zama ƙarya a gaban mutum ɗari biyu. Ya riga ya kai taki gonar, buhu huɗu. Sai ya amsa:

"Haka aka yi."

Tun daga ranar Dattijo ya zama mai sauraro na gaske. Ko gaishe shi ka yi sai ya karkato kunne ya ce, "Maimaita." Ya daina gyaɗa kai, har a lokacin wa'azi. Matarsa Asabe ta ce ashe haka aure yake da daɗi.

Bayan wata ɗaya Fasto ya sanar da zagaye na biyu. Kafin a tashi mutum uku sun roƙi a haɗa su da Dattijo, ciki har da wanda ya ara masa injin ban-ruwa tun bara. Ran Laraba da sassafe aka ga Dattijo a tasha, zai je Ringim duba wani ɗan'uwansa da babu wanda ya taɓa jin sunansa.