Goma Sha Tara da Goma Sha Huɗu

Wani dare bayan isha, Malam Ado mai gyaran agogo ya ji wani sauti daga masallacin da ke jingine da katangar gidansa a Ƙofar Guga. Ƙurrr, ƙurrr, sai ya tsaya, sai ya ci gaba, kamar ana yanka dabbar da ba ta da murya. Ya tashi zaune.

"Indo, kin ji?"

"Ɓeraye ne," in ji matarsa. "Kai dai komai sai ka yi mashi fassara. Kwanta."

Ya kwanta, amma jikinsa ya ba shi cewa ba ɓera ba ne, kuma da hannunsa a ciki.

Shekara uku kafin nan ne sojojin Amurka suka shiga Iraƙi. Kullum da la'asar dattawan unguwa kan zauna gindin bishiyar bedi, rediyo a tsakiya, ana ta musu. Ado bai yi boko mai nisa ba, amma ya yi shekara arba'in yana buɗe cikin agogo a Babbar Kasuwa. Ranar da aka ce an rushe rundunar sojan ƙasar, ya girgiza kai.

"Waɗannan sun iya kwancewa, ba su iya mayarwa ba. Sun zubar da ƙusoshin. Ku saurara, ba da baƙin za a yi yaƙin ba. Sunni da Shi'a ne za su juya wa juna, manyansu kowa na tsaron kujerarsa."

Kabiru mai shayi ya fashe da dariya. "Baba Ado, kai da ko Funtuwa ba ka taɓa wucewa ba? Mutanen da ke auren juna, unguwa ɗaya?"

Dariyar ce ta sosa shi. Da ya haɗiye ta, da shi ke nan.

"Unguwa ɗaya? To mu nan fa? Masallacinmu, masu sakin hannu a salla goma sha tara ne, masu kamawa a ƙirji goma sha huɗu. Na ƙirga. Liman ne kawai ƙusar da ta riƙe mu." Sai ya shiga jero sunaye, yana naɗe yatsu. Na farko a cikin masu kamawa shi ne Almu baduku, amininsa, wanda suka yi shekara talatin kafaɗa da kafaɗa a sahun gaba.

Almu ya ce, "Ashe mu ana salla, kai kana ƙidaya."

Aka yi dariya kaɗan, aka tashi. Amma tun daga ranar, in an tayar da salla sai ka ga idanu suna satar kallon hannun maƙwabci. Da can ba wanda ya san adadin. Yanzu har yara sun haddace.

Da labarin Iraƙi ya fara zuwa yadda ya faɗa, ana ta kashe juna a kasuwanni da masallatai, sai unguwa ta sa masa Mai Hange. Kabiru ya daina karɓar kuɗin shayinsa. Abin da Ado bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk sanda rediyo ta ambaci gawawwaki, akwai wani ɗan wuri a ƙirjinsa da ke yin sanyi, don ya yi gaskiya.

Sannan Liman ya rasu. Na'ibinsa mai kama hannu ne. Masu sakin hannu suka ce ba za su bi shi ba, ai su ne goma sha tara, Mai Hange da kansa ya ƙirga. Aka kai wa mai unguwa. Ya ce wa waɗannan suna da gaskiya, ya ce wa waɗancan suna da gaskiya, ya tafi ƙauye duba gonarsa, ya yi mako biyu. Kowane ɓangare ya gayyato malamai daga waje, waɗanda ba su san sunan kowa a unguwar ba. Suka yi wa'azi, suka hau motocinsu, suka tafi.

Da asubar daren da ya ji wancan sautin, Ado ya shiga masallaci. Doguwar dardumar sahun gaba, wadda unguwa duka ta haɗu ta saya, an raba ta biyu. Rabi yana nan, rabi an ɗauke zuwa garejin wani Alhaji a ƙetaren titi, inda masu kama hannu suka koma yin salla. Ya durƙusa ya shafa bakin yankan. Miƙaƙƙe ne, ba zare ko ɗaya da ya tashi. Hannun baduku. Kuma wuƙar ta bi ne daidai tsakanin wuraren biyu da gwiwoyinsa da na Almu suka koɗar.

Bayan salla ya fito ya tarar da Almu a bakin garejin yana sa takalmi. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi gajiya, kamar baƙin da suka haɗu a tasha.

"Almu, da ka bari mun yi magana."

"Ai ka riga ka yi, Malam Ado. Ni sunana ka fara kira." Ya dubi ƙasa. "Na auna sosai. Ban ci muku ko taƙi ɗaya ba."

Ado ya so ya ce misali kawai ya bayar, don Kabiru ya daina dariya. Ya ji yadda maganar za ta fito, sai ya bar ta.

Mutane suna fitowa daga ƙofofi biyu, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Jummai mai ƙosai, tsohuwar da ke suya a tsakanin wuraren biyu tun kafin a haifi rabinsu, ta ɗaga matsami ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Ni kam shekara da shekaru ina ganinku sahu ɗaya, ban taɓa sanin kashi biyu ne ku ba. Wai wa ya fara ƙirga ku?"

Mai yana ta tafasa a kasko. Kabiru ya sunkuya yana wanke kofin da ya riga ya wanke. Malam Ado ya ɗaga hannu ya duba agogonsa, ya daɗe yana dubawa.