Firizar Mama Afiniki

Ranar da motar kaya ta zo, Mama Afiniki ta dawo daga tashar Kafanchan da bokitin kunu babu komai a ciki, ta tarar an ɗaure firiza da igiya a tsakar gida. Kusa da ita ga talabijin, ga dutsen guga, har da sitabilaiza mai daidaita wutar lantarki. Ɗanta Gershon ya samu aikin jinya a Kanada, sai tattara kaya suke shi da matarsa Caroline.

Shekara shida ke nan a wannan firiza Mama take sanyaya kunu da zobon da take sayarwa. Ko gawa ce ai akan tambayi mai gida kafin a fitar.

Ta ajiye bokiti, ta gyara zani, ta hau kan firizar ta zauna.

"Mama, ki sauka mana," in ji Gershon. "Fasto ya zo yi wa kaya addu'a."

"Ya yi. Ni ma kaya ce."

Caroline ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, kyautar aurena ce fa. Zumuntar Matan coci suka ba ni."

"Na sani, ni na yi jawabi ranar. Ba ke kika ce a can ƙanƙara daga sama take zubowa ba? Me za ki sanyaya? Wa zai sayi kunu mai ɗumi a tasha da rana tsaka?"

"Za mu riƙa aiko miki, Mama."

"Ban gaji ba tukuna, Gershon. Hannuna na aiki."

Fasto Andrawus ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya dubi tsohuwar, ya rufe. A Kafanchan ba a ɗora kayan tafiya sai an yi addu'a kowa ya ce amin, kuma ya ga bakin Mama ba zai ce ba. Direba kuwa sai danna hon yake, wai yana son ya kai Legas da wuri.

Gershon ya durƙusa ya kwance igiyar, bai dubi uwarsa ba. Aka yi addu'a a kan sauran kaya. Caroline ta shige ɗaki ta turo ƙofa da ƙarfi.

Mama ba ta sauka ba sai da motar ta sha kwana. Ta kira maƙwabciyarta Damaris, suka tura firizar ɗaki su biyu, Mama tana huci tana cewa a bi a hankali da wayar wuta.