Akushin Iya a Bango

Iya Falmata na zaune bakin ƙofar ɗakinta tana goge akushi da man shanu, tana ta murmushi ita kaɗai. Da hantsi surukarta Zulfa ta leƙo, ta ce Alhaji na son a ba shi akushin nan, za a yi amfani da shi ranar walimar sabon falo.

Alhajin nan kuwa Zaharaddeen ne, autanta. Shi ya ɗauko ta bara daga ƙauyensu na gefen Baturiya, bayan ambaliya ta cinye mata ɗaki. Akushin kaɗai ta fito da shi a ka. A cikinsa mijinta marigayi Malam Haladu ya ci tuwonta har ya koma ga Allah, a cikinsa 'ya'yanta suka koyi yankar loma, har bakinsa ya zaizaye saboda hannuwa.

Tun da ta zo Haɗeja aka ba ta ɗakin baya, kusa da janareta. Kar mu ɗauki alhakin kowa: ba a zaginta, ba a barinta da yunwa. Sai dai a kwanon roba ake dire mata abinci a bakin ƙofa, ta ci ita da bango. Autan nata kan gaishe ta a tsaye, makullin mota a hannu. Ita kuwa abin da take so bai taka kara ya karya ba. So take ya zauna gabanta ya ci abinci tana kallonsa, ko sau ɗaya, kafin ta bi Malam.

Shi ya sa da aka ce akushi, sai ta ce a ranta, ashe Auta bai manta ba. Wa zai nemi akushi in ba tuwo zai ci ba?

* * *

Ranar walima ta ɗaura atamfarta ta Sallah, ta sa kwalli, ta zauna jiran kira. Aka yi azahar shiru, aka yi la'asar shiru. Ta yi wa kanta uzuri, ta ce hidima ce ta yi musu yawa. Daga ƙarshe ta dafa bango ta bi ta kicin, ta tsaya bayan labulen falo, ta ɗan yaye shi.

Ga akushinta can sama a bango, an huda tsakiyarsa an kafa shi da ƙusa. An shafe shi da fenti mai ƙyalli, har da 'yar fitila a kansa. Zulfa ce ta ga irin haka a waya ta kira kafinta, kuma har ga Allah ita a ganinta karramawa ce. Iya ta ƙura wa hudar nan ido, zuciyarta ta yi baƙi. Ko cokalin miya ba zai ƙara riƙewa ba.

Zaharaddeen na tsaye ƙarƙashinsa cikin babbar riga, yana ba baƙi labari. Ya faɗi shekarar da kogi ya cinye musu shinkafa, yadda mahaifiyarsa ke tuƙa ɗan abin da ya samu ta tura musu, ita ta ce ta ƙoshi. Kuma ba ƙarya yake ba.

Wani dattijo, Alhaji Ɗahiru, abokin kasuwancinsa da bai taɓa zuwa gidan ba, ya share ido ya ɗaga hannuwa.

"Uwa ke nan. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Zaharaddeen ya buɗe baki. Ya dubi manyan da suka riga suka ɗaga hannu, ya ga gyaran zai zo da tambaya: to ina take, me ya sa ba mu gaishe ta ba? Sai ya sunkuyar da kai, ya ɗaga nasa hannuwan.

Falo ya ɗauka da amin.

A bayan labule, Iya Falmata ta saki gefen yadin a hankali. Bakin tsohuwa ya saba, ba ya jin addu'a ya ƙyale. Ta shafa a fuskarta, ta ce amin.