Kwalin da Preben Ya Ƙi Buɗewa

Yayana Preben yana da kwalayen ƙananan motocin roba, irin masu zuwa gunduwa-gunduwa a haɗa da gam, sun fi ɗari uku, kuma ko ɗaya bai taɓa haɗawa ba. Ko ɗaya fa! Suna jere a ɗakin da ya kamata ya zama na baƙi, kowanne cikin ledar da kamfani ya naɗe shi, labule a sake don kada rana ta ci hotunan. Ni kuwa, Bodil, in kwali ya shigo hannuna da safe, kafin kofina ya huce na yage leda na baje kayan a tebur. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma a kan wannan mun fi shekara arba'in muna musu.

Ƙungiyarmu ta masu sha'awar irin waɗannan motoci ma haka take a rabe. Duk Asabar da yamma mukan haɗu a ɗakin ƙasa na laburaren unguwarmu a garin Randers, mu goma sha wani abu, masu ajiya a gefen ƙofa, masu haɗawa a gefen da kek yake. Mu muna ce musu masu gadi, su suna ce mana mahauta.

Wata Asabar cikin watan Afrilu Ejvind ya shigo da kwali a hammata yana washe baki. Ejvind tsohon direban bas ne, ɗan ɓangarenmu, mutumin da labari ba ya kwana a cikinsa.

"Masu gadi, ku tashi ku gaishe da baƙuwa!" ya ce, ya dire kwalin a tebur. "Ta dawo. Wani kamfani ya sayi tsofaffin mazuban ƙarfen da ake zuba robarta a ciki, sun sake zuba ta."

Na duba hoton da ke jikin kwalin. Motar Baba ce, irinta sak, doguwar nan mai ƙofa a baya.

Preben ko hannu bai kai ba. "Ɗauke ta daga kusa da kofina," ya ce. "Mazubin da ya shekara hamsin yana tsatsa a sito? Robar duk da gemu za ta fito, rarar da ta tsiyayo a gefe-gefe. Kuma dubi hoton, wane ne ya zana wannan abin kunya?"

"Kai da ba ka taɓa ganin cikin kwali ba, a ina ka san gemu?" in ji Ejvind.

Nan fa ɗaki ya kaure. Masu gadi suka ce an ci amanar wanda ya yi shekara ashirin yana neman ta asali, ga shi yanzu kowane kanti zai jera ta. Namu suka ce madalla, mota ai don a haɗa ta aka yi ta. Wani tsoho a cikinmu ya ce shi da ana sake zuba gwiwa, da shi ne zai fara shiga layi. Ni dai hoton motar nake ta kallo.

Babanmu mai gyaran famfo ne. Motarsa koriya ce mai duhu, kullum da tsani ɗaure a samanta. Ranar da Preben ya cika shekara goma sha huɗu, a 1974, Baba ya kawo masa kwalin wannan motar, ya ce tare za su haɗa ta a hutun Kirsimeti, su yi mata kore, su yi mata tsani na waya. Bai kai Kirsimetin ba. Zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki a gidan wasu. Kwalin nan shi ne na farko da Preben ya ajiye bai buɗe ba, sauran ɗari ukun bayansa suka biyo.

Akwai kuma abin da ni kaɗai na sani a ɗakin. Mako biyu kafin wannan Asabar, ni na tuƙa Preben zuwa asibitin ido. Likita ya ce tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa saura watanni, wataƙila zuwa ƙarshen shekara. Gefe-gefe za su ɗan rage masa, amma duk abin da ya kalla kai tsaye hazo zai koma. Ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Hoton nan da yake zagi, wallahi da ƙyar yake ganinsa.

A mota, muna komawa gida, na ce, "Zan sayi sabuwar in haɗa maka ka gani."

"Ba ita Baba ya saya ba."

"To buɗe wadda ya saya."

"Bodil, tuƙi kike yi. Kalli hanya."

Ai kuwa na sa shi gaba. Mako shida cur, kowace Talata da Alhamis in kai masa burodi da kifi, in tsaya a ƙofar ɗakin kwalayen in ce, "Baba mota ya saya maka, ba kwali ba." Ya ce ni ba na daraja komai. Na ce shi kuma tsoro ne ya cika masa ciki, ya sa masa suna daraja. Sau biyu ya kore ni, sau biyu na dawo da burodina. Na ƙudurta a raina cewa yayana sai ya ga motar nan a tsaye kan tayoyinta kafin idonsa ya rufe, ko da zai daina yi min magana.

Farkon watan Yuni ya kira ni da rana. "Zo da wuƙarki," ya ce, ya kashe waya.

Na tarar da shi zaune a kicin, kwalin Baba a gabansa. Ashe ya ɗauko shi ne ya kai bakin taga, ya ga ko sunan motar ba ya iya karantawa. Na miƙa masa wuƙar. Da kansa ya tsaga ledar, ya ɗaga murfin. Wani wari mai ɗan tsami ya taso.

Kai, ban taɓa jin baƙin ciki a kan roba irin na ranar ba. Duk mai haɗa tsofaffin motoci ya san wannan cutar. Tayoyin wancan zamani, in suka daɗe kwance a jikin roba, narkar da ita suke yi. Shi ya sa mu da mun samu tsohon kwali, abu na farko sai mu cire tayoyin mu naɗe su daban. Amma kwalin da ba a buɗe ba, wa zai raba su? Biyu sun kwanta a kan rufin motar sun ci shi har sun huda. Ɗaya ta manne a gilashin gaba ta mai da shi kamar ɗanko. Takardar sitika kuwa ina taɓa ta ta zama gari.

"Yaya take?" Preben ya tambaya.

Ƙarya ta zo min har baki, na haɗiye ta. Na kama yatsansa na ɗora a kan ramin rufin. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya koma kan na biyun.

"Shekara hamsin ina gadin wannan," ya ce a hankali. Ya mayar da murfin. "Je ki gida, Bodil."

Na tafi, amma da kwalin a jakata, ban kuma tambaye shi ba. A cikin mota na yi kukana mai isata. Da na share hawaye sai haushi ya zo, kuma ni haushi shi ke sa ni aiki. Ban zarce gida ba, kanti na wuce na sayi sabuwar.

A teburina na kifa jikin sabuwar motar, na sa gilashin ƙara girma. A cikin rufin, daga can baya, ga wasu ƙananan lambobi a tashe: 1973. Na duba narkakken jikin tsohuwar, ga su nan a wuri ɗaya, har da ɗan karkacewar ukun ƙarshe. Na ɗauki ƙasan motar daga kwalin Baba na gwada a sabon jikin. Ƙyas! Ya zauna kamar dama tare aka zuba su.

Washegari na baje duka biyun a gaban Preben.

"Jiki da gilashi da tayoyi daga sabon kwali," na ce. "Ƙasan mota, inji, kujeru da sitiyari daga na Baba. Ba abin da ya same su."

"Kwashe-kwashe ke nan. Ba ta asali ba ce."

"Ta asalin ta narke, malam mai gadi. Kawo hannu."

Na sa farcensa a kan lambobin sabuwar, sannan a kan na tsohuwar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai yatsansa ya zarce gefen ƙofa, ya tsaya.

"Na faɗa muku akwai gemu," ya ce.

"Akwai kam. Ga samfefa. Idonka ne ya lalace, ba yatsunka ba."

Ya yi tsaki, ya karɓa.

Haka muka ci damina muna aiki a kicin ɗinsa, Talata da Alhamis. Abin haushi, mutumin da bai taɓa riƙe gam ba ya fi ni iya gogewa. Inda idona ya ce ya yi sumul, yatsansa sai ya gano tudu, ya turo min yana cewa, "Wannan shi ne aikin mahauta?" Ni ce mai gam da fenti. Na lanƙwasa waya na yi tsani mai hawa bakwai, ya ƙirga da farce ya ce na Baba tara ne, na sake.

Koren ne ya ba mu wahala. A watan Yuli sau uku ina haɗawa yana cewa ya yi haske, ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi kamar wake. Ina ta masifa, amma raina fari, tunda mai ƙorafi ai yana gani. A watan Satumba sai ya daina ƙorafi. Duk abin da na nuna masa sai ya ce, "Ya yi." Wata rana da gangan na miƙa masa murfin kwalba ruwan toka na ce ga koren ƙarshe. Ya kalle shi ya ce, "Ya yi."

Tsoro ya sa na yi gaggawa, gaggawa kuma ta ja min. Na fesa shafi na biyu kafin na farko ya bushe, fenti ya yamutse kamar fatar madara. Kwana huɗu ina wanke shi ina gogewa, ina zagin kaina. Preben ya ce mu bari haka, ai ya taɓa ta, ya isa. Na ce bai isa ba, ba taɓawa aka yi masa alkawari ba. Na sake fesawa, na ba kowane shafi kwanakinsa, ina ƙirga ranaku kamar mai jiran haihuwa.

Abu ɗaya na yi ni kaɗai a gidana ban gaya masa ba. Motar Baba tana da lotsawa a gefen baya, sama da tayar hagu. Baba ya shafa wa wurin jan fentin hana tsatsa da niyyar zai rufe da kore, har ya mutu bai rufe ba. Na ɗumama robar na lotsa ta kaɗan, na ɗiga jan tabo da bakin buroshi. Na san yayana. Ko ya gani ko bai gani ba, "Ta yi kyau" zai ce don in samu kwanciyar hankali. Ni kuwa ba na son a lallashe ni, so nake in sani.

Bajekolin ƙungiyarmu na shekara ya zo a ƙarshen Oktoba, a zauren wata makaranta, da safe. Na ajiye motar a ƙarshen tebur na rubuta sunayenmu biyu a kati. Masu gadi suka zo suna leƙe, ɗaya ya ce shi dai har yanzu yana ganin robar zamanin da ta fi kauri. Ejvind ya ce ya je ya auna da haƙorinsa.

Preben ya shigo riƙe da gwiwar hannuna, kamar ni ce nake buƙatar taimako. Ya tsaya a gaban motar ya zuba mata ido kai tsaye. Ya daɗe. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Can sai ya kau da kai, ya juya fuska wajen bango.

"Haba Preben," Ejvind ya ce, "ko don wahalar ƙanwarka ai ka..."

Na taka masa ƙafa da dugadugina har sai da ya yi ƙara. Ni na san abin da yayana yake yi. Fuskarsa tana bango, amma wutsiyar idonsa na dama tana kan tebur. Ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, kunnensa ya kusa taɓa tsanin.

"Bodil."

"Na'am."

"Wa ya ce ki sa jan tabon nan?"

"Haka motar take," na ce.

"Ni na buge ta da keke," ya ce. "Ban taɓa faɗa wa Baba ba."

"Na sani, ai ina tsaye a wurin. Ni aka ɗora wa laifin, aka hana ni fita mako biyu."

Ya yi dariya, hawaye na bin gefen hancinsa, bai ko share ba. Ejvind ya kalle shi ya kalle ni, ya cire hularsa.

"Matso min da ita wajen haske," Preben ya ce, fuskarsa har yanzu a bango. "Ban gama kallo ba."