Ramukan da Ke Kumatun Auta

Sana'ar Yaya kwalliya ce. Duk fuskar da aka kawo mata shago, komai tabonta, sai ta fita sumul. Fuska ɗaya ce ta gagare ta, ta ƙaninta Auta.

Tun yana sakandare ƙuraje suka yi masa rubdugu, manya masu ruwa, har ba ya iya kwanciya ta gefe. Da suka baje sai suka bar masa ramuka a kumatu. Abokai suka laƙaba masa "Gargada", wai fuskarsa ta fi hanyar unguwarsu rami. Yakan taya su dariya, amma ya daina shiga hoto.

Babu abin da Yaya ba ta gwada ba. Zuma, lemon tsami, har wani mai da maƙwabciya ta rantse a kansa, wanda ya ɗashe masa goshi ya bar ramukan yadda suke.

Ranar da wani otal ya kira shi ganawa, aikin tarbar baƙi, ya shigo shagon kafin kowa ya zo.

"Yaya, ki ɗan shafe mini," ya ce, kansa a ƙasa. "Kar Umma ta ji."

Ta zaunar da shi, ta yi iya ƙwarewarta. Da ta kunna fitilar madubi sai ta ga aikin bai yi ba. Hodar ta taru a bakin kowane rami, ta ƙara fito da su. Ta goge ta sake, ta kuma gogewa, har ya riƙe mata hannu.

"Bar shi haka, kar na makara."

Bai samu aikin ba, ba a kuma faɗa masa dalili ba. Wannan ya fi ci mata rai, don ba ta san da wa za ta yi faɗa ba.

Ita ta ja shi wurin likitar fata. Likitar ta haska fuskar, ta ce, "Idan ƙurji ya yi zurfi ya kumbura, yakan cinye naman da ke ƙarƙashin fata. In ya warke sai wurin ya lotsa. Matsa shi da farce yana ƙara ɓarnar."

"To me za a shafa masa?" in ji Yaya.

"Mai ba ya cike rami, 'yar'uwa. Akwai na'ura mai ƙananan allurai da ke tsokanar fata ta yi sabon nama. Akwai kuma leza, wato aiki da haske mai ƙarfi, sai dai tana iya barin baƙin tabo a irin fatarsa. Za su ragu, amma ban ce za su ɓace ba."

Suka zaɓi allurai. Wata da watanni yana dawowa gida fuska a kumbure, yana gudun rana, Yaya na bin sa da man da aka rubuta. Ƙananan ramukan suka ɗan cike. Manyan ko gezau.

"Wallahi an samu sauƙi," ta ce masa.

"Na gani, Yaya. Sannu da ƙoƙari."

Daga baya ya samu aikin amsa waya a wani kamfani, cikin ɗakin da baƙo ba ya shiga. Umma ta yi ta murna, tana cewa ɗanta ya zama ma'aikaci. Suna cin abinci Auta ya ce masu kira suna yaba muryarsa. Yaya ta ƙara masa abinci.